Ɗinkin Ƙyallaye Ya Zame Mini Wurin Hutawa A Karatun Likita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana da 'yan uwana ɗaliban likitanci a kan wata sana'ar hannu da ba a cika ɗaukarta da muhimmanci ba, wato haɗa ragowar ƙyallayen tela a ɗinke su har su zama bargo.

Karatunmu shekara 6 ne idan komai ya tafi daidai, kuma duk wanda ya ratsa ta shekarun farko, lokacin da ake haddace ƙasusuwa 206 na jikin mutum da jijiyoyin kai 12 da duk inda suka bi, ya san yadda barci ke ƙaurace wa ido. Ana saura wata biyu mu zauna babbar jarrabawar da ke kai ɗalibi ga shiga asibiti, na kai ga ina karanta shafi ɗaya sau uku ba tare da na riƙe komai ba. A wannan hali ne telan unguwarmu ya ba ni buhu guda na guntayen atamfa da shadda da yake shirin zubarwa, kuma ko sisi bai karɓa ba.

Aikin ba shi da wuya. Ina wanke ƙyallayen in goge su, in yanka su murabba'i mai inci 4, in haɗa su ɗaya bayan ɗaya da zare da allura. Idan fuskar ta kammala sai in shimfiɗa tsohon zani a ƙasa, in sa auduga a tsakiya, in bi da ɗinki har hawa ukun su kama juna. Bargona na farko ya ɗauke ni wata biyar, rabin awa kullum bayan sallar isha'i, kuma kusurwoyinsa ko ɗaya bai haɗu daidai ba. A tsakiyarsa akwai guntun ankon bikin yayata, wanda nake ganewa ko a duhu saboda kaurinsa.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne, wannan ne kaɗai aikin da nake yi a yini wanda kuskure a cikinsa ba ya cutar da kowa. A gaban marar lafiya ana auna kowace kalma da kowane ƙwayar magani, amma idan ɗinki ya karkace sai a warware a sake, ko ma a bar shi haka.

Wasu abokan karatuna sun ce ɓata lokaci ne, wasu kuma sun ce aikin Turawa ne. Gaskiya ne matan ƙauyen Gee's Bend da ke jihar Alabama ta Amurka sun yi suna da shi, amma duk wanda ya kalli hawan salla ya ga lifidi, wanda magabatanmu suka ɗinka hawa hawa da auduga a ciki domin kare doki da mahayinsa. Game da ɓata lokaci kuwa, Alexis Carrel, likitan Faransa da ya sami lambar yabo ta Nobel a 1912 kan ɗinkin jijiyoyin jini, ya koyi ɗinki mai laushi ne a wurin wata gwanar surfani a birnin Lyon. Ba zan ce bargo ya koya mini ɗinkin rauni ba, domin fata daban, yadi daban, sai dai ranar da aka fara miƙa mini allura a ɗakin gaggawa hannuna bai yi rawa ba.

Ina kira ga ƙungiyoyin ɗalibai su ware yamma ɗaya a mako domin wannan aiki, maza da mata, su kuma teloli su riƙa ajiye mana guntayen maimakon ƙona su. Bargona na biyu ya kai rabi, kuma na yi niyyar kai shi ɗakin yara na asibiti kafin sanyin hunturu ya sauka.

Wassalam.

Wata ɗalibar likitanci,
Kano.