A kan tarin faya-fayan Charlie Parker

Assalamu alaikum Edita, da fatan an tashi lafiya, ya aiki. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani kiɗa da ba a cika kawo shi a shafin nishaɗi ba, wato jaz na baƙaƙen fatar Amurka, musamman tarin nan na Charlie Parker da kamfanin Savoy ya fitar mai CD 8, wanda ya tattaro duk abun da mutumin ya busa a situdiyo wa kamfanonin faifai na Savoy da Dial daga 1944 zuwa 1948.

Shi dai Parker mabushin saksofon ne, ana masa laƙabi da Bird, an haife shi a Kansas City a 1920, shi da Dizzy Gillespie ne kan gaba a salon da ake kira bebop, kiɗa ne mai gudun tsiya wanda ba don rawa aka yi shi ba, na zama a saurara ne. A lokacin faifan garmaho bai wuce ya ɗauki minti 3 da ɗoriya a kowane gefe ba, to duk abun da za ka faɗa sai ka cusa shi a ciki, ka ji waƙarsa Ko-Ko da suka ɗauka ranar 26 ga Nuwamba 1945, Max Roach na kan ganguna, wallahi sai ka rasa ina yake samun numfashi. A zaman ranar har da Miles Davis, mabushin kakakin Turawa da ya shahara daga baya, yana ɗan shekara 19 kacal.

Wasu na cewa tarin ya cika maimaici, waƙa ɗaya a ji ta sau uku sau huɗu, har da wadda aka fara aka katse a tsakiya, me ya sa ba za a zaɓi masu kyaun kawai ba. Ni kam nan ne daɗin yake. Saboda in ka jera su ka saurara za ka gane ba hadda yake yi ba, ɗauka ta farko daban ta biyu daban, a take yake ƙirƙira kamar yadda aka san marigayi Shata da tsara waƙa a tsakiyar fage. Embraceable You ta 1947 ɗauka biyu ce, ko farkon su bai yi kama ba.

Amma fa akwai guda ɗaya da ke damuna, Lover Man ta ranar 29 ga Yuli 1946 a Los Angeles. Mutumin ba shi da lafiya ranar, jarabar ƙwayar hiroyin ta kama shi bai samu ba, ya ɗirki giya, ana jin yadda ya makara wajen shigowa kuma busar na rawa kamar za ta faɗi, a daren ma aka kama shi bayan wuta ta tashi a ɗakinsa na otal, daga nan sai asibitin masu taɓin hankali na Camarillo wata 6. Duk da haka Ross Russell mai kamfanin Dial ya fitar da faifan ya sayar, Parker kuwa bai taɓa yafe masa ba. Na san akwai manyan makaɗa da suka yabe ta, kuma gaskiya tana taɓa zuciya, amma mai abu ya ce baya so, shin haƙƙin wa ya fi, nashi ko namu masu sauraro? Ni dai in na zo kanta tsallakewa nake.

Ya rasu a 1955 a New York yana da shekara 34, likitan da ya duba gawar ya zaci ya haura 50. Edita, ko wani cikin marubutanku zai yi mana sharhi a kan tarin nan, ina so in ji ra'ayinsa a kan wancan faifan na Lover Man.

Naku,
mai karatu daga Zariya