Anti, Zariya na cika a fom, gida sun ce sai dai BUK

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ki yi haƙuri in rubutun nan ya zo miki a hargitse, ƙarfe biyun dare ne yanzu, kuma tun bayan sallar isha'i nake kuka har idona ya kumbura.

Shekarata 18, a Gwammaja nake. Bana na rubuta jarrabawar shiga jami'a ta JAMB na ci 251, kuma aikin jarida nake son karantawa, irin naki. Ɗazu da magariba Gwaggo ta zo gidanmu ita da Baffa, ta zaunar da ni a tsakar gida, gaban ƙannena, gaban matar maƙwabcinmu da ta shigo aron turmi ta ƙi fita, ta ce wai na shirya guduwa Zariya in bi namiji. Ni, Anti! Ni da ko bikin ƙawa sai na yi kwana uku ina roƙo kafin a bar ni. Umma tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, carbi a hannu, ba ta ce uffan ba. Wallahi shirun nan nata ya fi maganar Gwaggo ci mini rai.

Bari in koma baya don ki gane. Abbanmu ya rasu shekara huɗu ke nan, ya bar mu mu shida, ni ce babba a mata. Tun lokacin Baffa ne yake biya mana kuɗin makaranta, yana da shago a Kantin Kwari, kuma ban taɓa raina abin da yake yi mana ba, Allah ya saka masa. Shi mutum ne mai sauƙin kai in shi kaɗai ne. Matsalar Gwaggo ce. Tun Abba yana raye ba ta ƙaunar Umma, don ba ita ta so ya aura ba, kuma duk 'ya'yanta mata uku tana aurar da su da sun gama sakandare, ɗaya ma ba ta gama ba. To yanzu ga 'yar matar da ta tsana za ta shiga jami'a. Kin gane dai. Duk maganar tarbiyya da take yi, baƙin ciki ne kawai, ni na sani.

Lokacin rajista Baffa ya ba ni kuɗi ya ce in cika BUK, wato Jami'ar Bayero ta nan Kano, na ce to. Da na je wajen cika fom ɗin sai na sa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wato ABU, a zaɓin farko, BUK a na biyu. Ni a ganina ban yi ƙarya ba, ai na sa BUK ɗin, kuma babu wanda ya tambaye ni ta nawa na sa ta. Niyyata in sakamako ya fito da kyau sai in samu Umma in lallaɓa ta, ita kuma ta lallaɓa Baffa. Takardar rajistar na ajiye ta a ƙarƙashin katifa, autar Gwaggo ta zo kwana biyu a gidanmu, ban san me ya kai hannunta wajen ba. In ba turo ta aka yi ba, me mutum yake nema a ƙarƙashin katifar wani?

Anti ba wai na raina BUK ba ne. Na san a fannin da nake so ma ta yi suna, tsangaya guda gare su ta sadarwa, har da gidan rediyonsu, kuma 'yan jarida da yawa da muke ji a gidajen rediyon Kano can suka yi karatu, wataƙila har ke. Baffa da ya faɗi haka ban musa ba. Na dai ce masa ita BUK ɗin ai 'yar ABU ce, da Kwalejin Abdullahi Bayero ake ce mata a ƙarƙashin Zariya, sai 1977 ta zama cikakkiyar jami'a, ita kuwa ABU tun 1962 take, zamanin Sardauna. Malaminmu na darasin gwamnati ne ya gaya mana. Gwaggo ta ce kun ji ko, har ta fara mayar wa manya magana tun ba ta tafi ba. Da na sani na yi shiru.

Abin da suka kasa ganewa shi ne, in na yi BUK daga gida zan riƙa zuwa. Na tambaya ko za a bar ni in nemi ɗakin kwanan ɗalibai a can, Gwaggo ta yi dariya ta ce kina da gidan ubanki a cikin gari za ki je ki kwana a makaranta, sai ka ce marar gata. To daga Gwammaja zuwa sabuwar jami'a da ke titin Gwarzo, sai na hau adaidaita sahu zuwa Kabuga, in sauka in sake hawa wata ta bi ta Rijiyar Zaki, kullum, zuwa da dawowa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kin san yadda kuɗin mota ya koma. Wata 'yar layinmu da take can, in tana da lacca ƙarfe takwas, shida da rabi take fita, ta dawo bayan magariba kamar an yi mata duka. Ita kuma ita kaɗai ce a wajen uwarta, tana dawowa abinci ake miƙa mata.

Ni fa? Ina idar da sallar asuba zan hura wuta in dama koko, in yi wa 'yan biyunmu wanka, in nemo musu safar da kullum sai ɗaya ta ɓata, in tsaya a ƙofar gida in tare mai ruwa. Umma tana yin zoɓo da kunun aya na sayarwa, duk lokacin da aka kawo wuta, ko ƙarfe ɗayan dare ne, ni za a tasa in zuba a robobi in jera a firji. Lokacin WAEC a kicin nake karatu da fitilar waya, ina zaune a kan buhun gawayi, don nan ne kawai ba mai tsalle a kaina. Ko a nan ɗin ma ban taɓa gama shafi biyu ba a ƙwala mini kira ba. Yayyena maza biyu suna nan, ɗaya ko kofin da ya sha ruwa ba ya ɗaukewa, amma ba a taɓa cewa su ba su da tarbiyya ba.

Zariya kuwa sau ɗaya na taɓa zuwa, bara da dogon hutu, bikin 'yar ƙanwar Umma a Tudun Wada. Wata 'yar uwarmu da take karatu a ABU da ke Samaru ta ja ni na raka ta ɗauko kaya. Anti ban taɓa ganin bishiyoyi masu yawa haka a wuri ɗaya ba, ga sanyi, ga shiru. Kusa da laburaren Kashim Ibrahim na ga wata yarinya a gindin bishiya, ta shimfiɗa ɗankwali ta zauna, littafi a cinya, gorar ruwa a gefe. Mun wuce ta bayan azahar, muka shiga ɗakin kwanan 'yan mata na Amina, muka ci taliyar da suka dafa a ƙaramin risho, muka yi hira, muka fito bayan la'asar, tana nan inda muka bar ta. Awa uku babu wanda ya kira sunanta. Tun daga ranar nake ganin yarinyar nan in na rufe ido. Kuma 'yan matan da na gani da yawansu hijabinsu har ƙasa, wasu ma ta'alimi za su tafi na ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Ba a ga yarinya ta lalace a cikin ɗakin uwarta a Kanon nan ba ne? Mai hali ai ko ina da halinsa yake tafiya.

Baffa nasa dalilin daban ne, kuma shi ba da faɗa ya yi maganar ba. Ya ce hanya, kullum ana jin haɗari tsakanin Kwanar Ɗangora da Zariya, ya ce kuɗin abinci da na ɗaki, ya ce in malaman jami'a suka shiga yajin aiki irin na 2022 da aka yi wata takwas a gida, ko aka yi wata fitina, gara a ce ina kusa. Na ce masa daga tashar Unguwa Uku zuwa Kwangila a Zariya tafiyar awa biyu ce da 'yan kai, duk ƙarshen wata zan iya zuwa. Na ce akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, suna biyan kuɗin makaranta har su ba ɗalibi naira 20,000 duk wata. Ya ce 'yar ɗan'uwansa ba za ta fara rayuwa da bashi a wuya ba yana raye. Sai ya ce kuma wa zai kula da Umma. Eh, gaskiya ne tana fama da hawan jini, an kwantar da ita sau biyu bana, amma yanzu da sauƙi sosai, tana shan magani, kuma ƙanwata ta kai shekara 14, ni a shekarunta har tuwon gidan nake tuƙawa. Sai yaushe ita za ta koya?

Na manta ban gaya miki maganar namijin ba, kada ki ji ta a wani wuri ki ce na ɓoye. Wan ƙawata ne, yana aji uku a can, fannin injiniya. Shi ya raka mu wajen rajista don ya san kan abin, kuma shi ya turo mini tsofaffin tambayoyin jarrabawa ta WhatsApp. Muna gaisawa, shi ke nan. Ya taɓa rubuto mini cewa in na zo zai nuna mini ko ina, ya sa alamar dariya, ni ma na mayar masa. Wannan saƙon ne Gwaggo ta sa aka karanta da ƙarfi a tsakar gida bayan ta fizge wayar daga hannuna, tana cewa ruwa ba ya tsami banza. Wallahi tun kafin in san shi nake son Zariya. Ba zan ce ba ya burge ni ba, yana da hankali, amma ba shi ne dalili ba, ko da shi ne to kaɗan ne ƙwarai. Yanzu wayar tana hannun Baffa, da ta ƙanwata nake rubuto miki.

Hukuncin da aka yanke shi ne, kafin Juma'a yayana zai kai ni cibiyar JAMB a canza, BUK ta koma zaɓin farko, don sun ce sai da ni a wajen ake yi. In na ƙi, Baffa ya ce ya cire hannunsa daga karatuna, Gwaggo kuma ta ƙara da cewa ai akwai masu tambaya, a ɗaura kawai kowa ya huta. Na san wanda take nufi, ɗan mijinta ne, mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu.

Na yi tunanin in kira ƙanwar Umma ta Tudun Wada ta zo ta yi magana, ko ta ce zan zauna a wajenta, amma dangin uwa in suka sa baki a maganar dangin uba sai abin ya ƙara lalacewa, kuma gaskiya ni ba zaman gidan wata nake so ba, can ma aikin zan tarar. Na yi tunanin in yarda a canza ɗin, in na shiga aji biyu in sake roƙon ɗakin kwana. Amma na san gidanmu, abin da aka fara da shi da shi ake ƙarewa.

Da na shiga ɗaki bayan sun tafi, Umma ta juya fuskarta bango. Na ce Umma ki yafe mini, ta ce me kika yi mini, ai Baffanki kika yi wa. Can kuma sai na ji ta ce, ashe duk aikin da kike yi mini a dole kike yi. Anti ban san me zan ce mata ba. Ba a dole nake yi ba, amma na gaji, kuma ban san yadda ake gaya wa uwa an gaji ba tare da ta ji kamar ita aka gaji da ita ba. Shin laifi ne don na so in yi shekara huɗu ina karatu ba a kira sunana? Kuma da safe in na kai mata koko, me zan fara ce mata?

Don Allah in za ki karanta a shiri kada ki ambaci unguwarmu da makin da na ci, Gwaggo ba ta wuce shirinki.

Taki,
wata 'yarki daga cikin Kano