Magada Sun Ɗora Miliyan 5 a Kan Kimar Gidan da Ke Jikin na Mahaifiyata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan shiri, na rubuto ne domin neman shawara a kan wani ciniki da ya hana ni barci kusan mako 3.

Ni malamin makarantar sakandare ne a Kano, ina da mata da 'ya'ya 4, kuma shekara 11 ke nan muna zaman haya a Rijiyar Zaki. Mahaifiyata tana gidanmu na gado a wani lungu a Mandawari, tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa, har alwala ma sai ta zauna a kujera an miƙa mata buta. Na yi juyin duniya ta dawo wurina, ta ce ba za ta bar ɗakin da aka kawo ta tana amarya ba. Saboda haka kullum bayan sallar isha'i nake hawa babur in je in duba ta, kuma duk daren da waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Bara maƙwabcinmu na Mandawari, wanda katangarmu ɗaya da shi, ya rasu, yanzu kuma magadansa sun sa gidan a kasuwa domin rabon gado. Ɗaki 4 ne da soro da rijiya, rabinsa ginin ƙasa. Dillalai 2 da na kai, kowa a ranarsa, sun ƙiyasta shi tsakanin naira miliyan 17 da 18. Maginin da ya duba mini ya nuna mini inda katangar gabas ta sha ruwan damina, ya sa yatsa ƙasar ta zubo. Na taya miliyan 18, babban ɗan marigayin ya ce albarka, ba za su sallama ƙasa da 23 ba, wai akwai ɗan kasuwar da ke son gidan ya mai da shi sito. Ban ga wannan mutum ba, kuma lungun mota ba ta shiga. Zuciyata tana raya mini cewa buƙatata suka gani, amma ina tsoron munana zato ga mutanen da muka tashi muna cin tuwo a kwano ɗaya.

Abin da na tara ta adashi da ƙungiyar ma'aikata miliyan 9 ne, ga fulotina a Danbare da aka taya miliyan 10. A farashin dillalai zan biya har da la'adarsu ta kashi 5 cikin 100 ba tare da na ci bashi ba. A farashin magada kuwa sai na ranto fiye da miliyan 5 daga yayana, domin ba na son bashin banki mai ruwa, kuma da albashina zan shekara da shekaru ina biya, gyaran gidan ma ban taɓa ba.

Uwargidana ba ta goyon baya. Ta ce in riƙe fulotin mu riƙa gini a hankali, domin wanda ya sayi abu sama da kimarsa ya yi asara tun ranar ciniki, kuma idan wata larura ta sa na sayar, babu wanda zai biya ni kuɗin kusanci da Hajiya. Ban ga laifin maganarta ba. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira a 2023, na ga yadda kuɗin ajiya ke narkewa, buhun siminti da muke saye ƙasa da naira 5,000 ya haura 10,000 a farkon 2024, ginin da take faɗa kullum nisa yake ƙara yi. Fuloti kuma ana samun wani, amma gidan da zan fasa ƙofa a katangarsa in jiyo tarin mahaifiyata da dare guda ɗaya ne.

Na tambayi wani malami ko maƙwabtaka ta ba ni haƙƙin shufu'a, wato fifikon sayen gidan a kan wani mai saye, ya ce a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba ne ke da shi, ba maƙwabci ba. Akwai kuma batun takardu, domin gidan ba shi da shaidar mallaka ta gwamnati sai tsohuwar takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa, sannan ɗaya daga cikin magadan tana aure a Zariya, ban ji yardarta daga bakinta ba.

Malam, shin cin bashin miliyan 5 saboda in zauna kusa da mahaifiyata biyayya ce, ko kuwa ɗora wa iyalina nauyin da bai kamata ba ne? Idan ka ga in ƙara, zuwa nawa zan tsaya, kuma ta wace hanya zan nemi ragi ba tare da zumuncin shekaru ya lalace ba? Sun ba ni zuwa Juma'a ta sama in kawo kafin alƙalami, ni kuwa har yanzu ban faɗa wa Hajiya farashin ba, domin na san cewa za ta yi in bari.

Wassalam.

Naka mai sauraro,
Wani magidanci daga Kano