Wasiƙa ga Iyaye: Yadda Yaranmu Suka Yi Mako Guda a Kan Teku

Assalamu alaikum, iyaye maza da mata da masu riƙon yara na makarantarmu ta Asabar a nan Hamburg.

Alhamdu lillahi, manyan ɗalibanmu da suka tafi koyon aikin jirgin ruwa a hutun nan sun dawo lafiya, tare da malaminsu da ya raka su. Da aka fara kawo maganar tafiyar, wata uwa ta ce mana ruwa ba sa'an kwando ba ne, ita ba ta kawo ɗanta Jamus don kifi ya cinye ba. Ba mu ga laifinta ba. Shi ya sa muka ga ya dace ku ji yadda kwana ke wayewa a cikin jirgin.

Sunansa Alexander von Humboldt II, tasharsa Bremerhaven, an kuma gama ƙera shi a 2011. Tsawonsa mita 65 ne, da dogayen ginshiƙai 3 masu ɗauke da filafilai 24, wato manyan zannuwan da iska ke bugawa ta tura jirgin, dukansu kore shar. Injin yana nan, amma an fi son a kashe shi a bar iska ta yi aikinta. Kuma babu ɗan kallo a ciki. Duk wanda ya hau sai ya ja igiya.

Ana raba mutane kashi uku. Kowane kashi ya yi awa huɗu a bakin aiki, ya huta awa takwas, dare da rana. Masu ƙarfe 12 zuwa 4 su ne suka fi shan wuya, don tsakar dare ake tashin su. Yadda ake tashin ne ya ba malaminmu sha'awa: wani daga cikin masu sauka zai zo bakin gadonka, ya kira sunanka a hankali, ya faɗa maka lokaci da yanayin waje, ko ana ruwa, ko sanyi ya yi yawa, don ka san abin da za ka sa. Idan aka haɗu a sama, masu sauka su ce "Gode Wacht", a yi gadi lafiya, masu karɓa su amsa "Gode Ruh", a huta lafiya.

Yaron nan da kuke fama da shi sallar Asuba, sai an yaye bargo an yayyafa ruwa, da kira ɗaya yake miƙewa a can. Da muka tambaye shi dalili, ya ce ai idan ya makara, ɗan'uwansa ne zai ci gaba da tsayuwa cikin sanyi. Mu malamai mun daɗe muna juya wannan amsa.

A cikin awa huɗun, wani na riƙe da sitiyari idonsa a kan kamfas, wani na can gaban jirgi yana duban fitilun wasu jiragen, sauran suna jiran umarnin jan igiya. Kowace igiya da sunanta da wurin ɗaurinta, kuma sai ka iya lalubo ta cikin duhu. Hawa sama don kwance filafilai ba dole ba ne, kuma ba a hawa sai da ɗamara mai ƙugiya. Wata ɗalibarmu ta ƙi hawa kwana uku, a na huɗu ta hau, ta sauko gwiwa na rawa tana dariya. Wanke-wanke da goge banɗaki kuwa karɓa-karɓa ne, ba a ce wannan aikin mata ba ne.

Kwana biyun farko jiri da amai sun kwantar da wasu. Cittar da wata hajiya ta ƙulla musu ta yi rana, Allah ya saka mata.

Batun salla, wanda kuka fi tambaya: sun yi ƙasaru irin ta matafiya, suna duba alƙibla da kamfas kafin kowace salla, domin jirgi na juyawa. Idan teku ta yi hauka tsayuwa ta gagara, sai a yi a zaune. Nama kuma sun bar shi, suka tsaya a kifi da ganye da burodi.

Abu ɗaya ne bai yi mana daɗi ba: a cikin masu son zuwa, da dama ba su iya iyo ba, muka ƙi tura su. Wannan aiki namu ne mu iyaye. Don Allah a sa yara ajin iyo kafin hutu mai zuwa, maza da mata.

Ranar Asabar bayan Azahar yaran za su nuna hotuna, su kuma koya mana ƙullin igiya. Duk mai tambaya ya zo da ita.

Wassalam,
Shugaban Makaranta