Sabuwar na'urar sankarar mafitsara da matsalar tsargiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan na'urar da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da ita a Satumbar 2025 don maganin sankarar mafitsara. Sunanta Inlexzo, ta kamfanin Johnson & Johnson. Wani siririn bututu ne da likita ke zurawa ta hanyar fitsari, ya naɗe a cikin mafitsara, ya riƙa sakin maganin sankara mai suna gemcitabine kaɗan-kaɗan har tsawon mako 3 kafin a ciro shi. Da can ruwan maganin ake ɗurawa, mutum ya riƙe na awa ɗaya ko biyu, ya fitsar da shi. An yi ta ne domin waɗanda BCG, maganin da aka saba fara ɗura wa masu wannan sankara a mafitsara, bai yi musu aiki ba, waɗanda galibi cire mafitsarar ɗungurungum ne ya rage musu.

Abin farin ciki ne, amma da sharaɗi: sai ciwon bai kai ga tsokar mafitsara ba. Mu kuwa a nan, da yawa ba sa zuwa asibiti sai abu ya ci ƙarfinsu. Tsargiya, wadda ake ɗauka a kududdufi da madatsun ruwa, tana cikin abubuwan da ke haddasa wannan sankara, amma har gobe akwai ƙauyukan da ake ɗaukar fitsarin jini, wanda alamar tsargiya ne, a matsayin alamar balagar yaro namiji.

Ina roƙon ma'aikatun lafiya na jihohinmu su ƙara ƙaimi wajen raba praziquantel, maganin tsargiya, a makarantu, likitoci kuma su riƙa shiga rediyo suna bayanin fitsarin jini.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya