A ba garin Jenne nasa shafin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da duk abokan aikinka. Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani gari da na daɗe ina ganin ana tauye masa haƙƙi.

A makon jiya kun kawo mana dogon sharhi a kan Timbuktu da malamanta da tsofaffin littattafanta. Na karanta har ƙarshe, na kuma ƙaru. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka ambaci Jenne, garin nan na ƙasar Mali, a layi ɗaya tak, aka sa hoton masallacinta, aka wuce. Haka ake yi mata kullum. Kowa ya san masallacin nan na laka mai hasumiya uku, amma ka tambayi mutum goma wane kogi ne ya kewaye garin, da wuya biyu su amsa. Alhali in ba don kogin ba, da babu garin, babu masallacin, kuma Timbuktun da muke yabo da ba ta sami abin sa wa a bakin salati ba.

Allah ya nufa na je Jenne 'yan shekaru kafin rikicin da ya ɓarke a Mali a 2012. Ranar Lahadi da yamma motarmu ta saki babban titin da ya taso daga Bamako zuwa Mopti, ta yi tafiyar kusan kilomita 30, sai hanya ta ƙare a bakin kogin Bani. Nan kowa ya sauka aka jira jirgin fito. Gobe Litinin, ranar kasuwa, don haka gaɓar ta cika maƙil: kekunan doki shaƙe da buhuna, mata da tulin ƙore a ka, Fulani da tumaki, masunta 'yan ƙabilar Bozo suna ta kai da kawo cikin kwale-kwale. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tuɓe takalmansa ya saƙale a wuya, ya tattare riga, ya shiga ruwa har gwiwa yana jan akalar dokinsa zuwa kan jirgin. Dokin ya ƙi, ya toge. Bai ɗaga masa bulala ba. Ya ɗebo ruwa da tafin hannu ya shafa masa a wuya yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, har ya taka. Na tsaya ina kallo ina tunanin mutum nawa ne suka yi irin wannan jiran a wannan gaɓa tun shekaru aru-aru. Ban riga na hango katangar gari ba, amma na fara gane shi tun daga nan.

Wurin da Jenne take, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya inda kogunan Bani da Neja suke malala su cika fili idan damina ta yi nisa. A lokacin garin kan koma tsibiri. Idan ruwan ya janye sai ya bar laka mai albarka, ga shinkafa, ga kifi, ga ciyawar shanu. Mutane sun daɗe da gane wannan. Kimanin kilomita 3 daga garin na yanzu akwai wani tudu da ake kira Jenne-Jeno, wato tsohuwar Jenne. A 1977 masana biyu daga Amurka, Roderick da Susan McIntosh, suka fara tona shi, suka tarar an zauna a wurin tun wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ana noman shinkafa, ana ƙira, ana ginin tukwane. Wannan bincike ya rushe tsohon zancen da ake koyarwa, wai ba a san birni a Afirka ta Yamma ba sai da fataken arewacin Sahara suka iso. Wajen shekara ta 1400 tsohon garin ya zama kufai, na yanzu ya gaje shi.

Arzikin Jenne kuwa daga haɗuwar hanya biyu ya zo. Raƙuma su ɗauko allunan gishiri daga Tagaza, daga baya Taudeni, can cikin Sahara, su sauke a Timbuktu. A loda gishirin a jiragen ruwa a tashar Kabara da ke kusa da Timbuktu, a yi ta tuƙi ɗaruruwan kilomita zuwa Jenne. Daga nan Wangarawa su aza wa jakuna, su nausa kudu, su komo da zinariya da goro. Jiragen kuma ba sa komawa wayam: hatsi suke ɗauka, domin Timbuktu tana bakin hamada ne, ba ta iya ciyar da kanta. Shi ya sa duk mai son mulkin wannan yanki sai ya nemi Jenne. Abdurrahman as-Sa'di, wanda ya yi limanci a garin a ƙarni na 17, ya rubuta a Tarikh as-Sudan cewa Sonni Ali na Songhai ya yi mata ƙawanya shekara bakwai da wata bakwai da kwana bakwai kafin ta buɗe ƙofa. Ko lissafin ya cika daidai ko an ƙawata shi, ya nuna irin katangar da ruwa yake yi wa gari. Bayan Songhai sai Moroko daga 1591, sai Shehu Amadu na Masina a farkon ƙarni na 19, sai Faransawa a 1893.

Masallacin ma tarihinsa ba miƙaƙƙe ba ne. As-Sa'di ya ce wani sarkin garin mai suna Kunburu, da ya musulunta, shi ya rushe fadarsa ya gina masallaci a wurin. Wancan ginin ya lalace a zamanin Shehu Amadu. Wanda muke gani a hotuna an kammala shi ne a 1907, ƙarƙashin shugaban maginan garin, Isma'ila Tarawore. Da safiyar Litinin na tsaya a gabansa, kasuwa ta cika filin da ke gabas da shi, sai na lura da abin da hoto ba ya nunawa. Bangon ba shi da kaifin kusurwa ko ɗaya. Ko'ina a mulmule yake, kuma in ka matsa kusa za ka ga sawun yatsu a jikin yaɓen. Itatuwan giginya da suka fito tsiri-tsiri a jikinsa ado ne, kuma su ne matakan da ake hawa ranar yaɓe. A can ƙololuwar kowace hasumiya an ɗora ƙwan jimina.

Gidan wani magini na sauka, shi ya kai ni ramin da ake tsima ƙasar yaɓe. An kwaɓa lakar kogi da ɓuntun shinkafa an bar ta tana ruɓa, warinta kuwa tun daga nesa. Ya zura hannu ya ɗebo, ya murza tsakanin yatsu, ya ce da saura, ba ta yi santsi ba tukuna. Ya ba ni labarin yadda ranar take: kowace shekara kafin ruwa ya sauka, gari duka ke fitowa tun asuba, samari na gudu da kwandunan laka, mata na jido ruwa, magina na kan tsani, dattawa na zaune suna sa ido, kafin rana ta take an gama. Ban ga ranar da idona ba, kuma har yau ina jin zafin hakan. Amma na fahimci wani abu a bakin ramin nan. Ginin dutse ana iya gama shi a tafi a bar shi ƙarni guda. Ginin Jenne in aka yi 'yan shekaru ba a taɓa shi ba, damina za ta mayar da shi inda aka ɗebo shi. A 2009 ma saman ɗaya daga cikin hasumiyoyin ya rufta bayan wani ruwa mai ƙarfi, aka sake ɗaga shi. Duk abin da ka gani tsaye a garin, akwai hannun da ya shafe shi bara.

To me ya sa garin ya tsaya ƙarami? Ƙidayar 2009 ta ba shi mutum kimanin 33,000, har da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa. Dalili shi ne Faransawa sun fi son Mopti, inda Bani ta haɗu da Neja, manyan jirage suna iya isa. Ciniki ya koma can, babban titi ma ya bi ta gefe. Hausawa suka ce wani hani ga Allah baiwa ne. Da kuɗin zamani sun kwararo cikin Jenne, da tuni an rushe sorayen an dasa bulo da kwano. Da yake an manta da ita, gidajen gargajiya kusan 2,000 suka tsira, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988.

Ba Jenne kaɗai wannan ya faru da ita ba. Rashid ta Masar, a bakin kogin Nilu, inda sojojin Faransa suka tsinci dutsen nan a 1799 wanda ya buɗe karatun rubutun Fir'aunoni, ita ce babbar tasha a zamanin Usmaniyya. Da Muhammad Ali ya haƙa mashigin Mahmudiyya zuwa Iskandariya wajen 1820, jirage suka juya mata baya, gidajen fatakenta na jan bulo da baƙi suka saura. Hoi An ta Biyetnam kuwa yashi ne ya cike bakin koginta, ciniki ya koma Da Nang, tsofaffin titunanta suka zauna yadda suke.

Sai dai, Malam Edita, ba na son in yi abin da baƙi suka saba, su yaba kyan gari su manta da masu kwana a cikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai masaukina ya nuna mini ɗakin da iyalinsa ke kwana: ƙarami, ba taga ta kirki, bangon ƙasa ya jiƙe saboda ruwan wanka da ke bin lungu. An kawo famfo gari, ba a yi magudanar da za ta ɗauke ruwan ba, shi kuwa ginin ƙasa ba abin da ya tsana kamar danshi a gindinsa. Ya ce yana alfahari da gidan kakansa, amma doka ta hana a sauya fasalin gini, yaɓen kowace shekara kuma daga aljihunsa yake fita. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Duniya ta ce gidansa gadonta ne, to ai sai ta kama masa. In ba haka ba, matasa za su bar gari, kuma ranar da babu samarin da za su yi gudu da kwando, babu hukumar da za ta iya tsayar da wannan masallaci da takarda.

Abin da ya fi damuna kuwa kogin ne. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya rage ambaliyar da garin ya dogara a kai. Daga baya aka gina madatsar ruwa ta Talo a saman Bani, mutanen Jenne da dama suka nuna fargabar ruwan da zai iso musu zai ragu. Mai ban-ruwa a sama yana da hujjarsa, shi ma abinci yake nema. Amma a lura da yadda abin yake a sarƙe: ambaliya ce ke kawo lakar yaɓe, ita ke shayar da shinkafar da ake samun ɓuntu, ita ke kawo kifin da masunci zai sayar ya biya magini. Kana taɓa ruwan, ka taɓa bangon. Sai ga rashin tsaro ya zo ya ɗora nasa. Masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa tun 2012, masu masauki da masu rakiyar baƙi suka rasa abin yi, ɓarayin kayan tarihi suna ta haƙe tsofaffin tuddai suna kwashe mutum-mutumin yumɓu. A 2016 UNESCO ta sa garin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari.

Duk da haka akwai aikin da ya faranta mini rai. Iyalai da yawa a garin sun fito da littattafan da suka gada, na fiƙihu da tarihi da magani da wasiƙun fatauci, suka ajiye a ɗakin karatu na tsofaffin rubuce-rubuce da ke kusa da masallaci, aka ɗauki hotunan dubban shafuka da taimakon babban ɗakin karatu na Birtaniya. Wanda ya rubuta muku sharhin Timbuktu zai sami abin karantawa a nan har ya gaji.

Roƙona gare ka ke nan. Ka sa a rubuta mana Jenne a shafinta ita kaɗai, a fara daga bakin Bani kafin a kai ga masallaci. In hali ya yi a nemi magini ɗaya, masunci ɗaya, da mace ɗaya cikin masu jido ruwa ranar yaɓe, ko ta waya ce, a ji daga bakinsu yadda ruwa ya zo bana da halin da gidajensu ke ciki. In kuma kun ga dama ku mayar da abin jeri, Rashid da Hoi An suna nan suna jira, ni kuwa zan sayi kowace fitowa.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara basira, ya kuma zaunar da ƙasar Mali lafiya.

Wassalam.
Naka,
Wani mai karanta jaridarku kullum