Amsa Ga 'Yata Da Ta Yi Mini Tambaya A Billiri

'Yata,

A taron matasan ikilisiya da aka yi a Billiri kin miƙe a gaban jama'a kin ce: "Mama, kullum kuna ce mana kada mu biye wa duniya. To in na ɗaura ɗankwali, na bar sa wando, na cire ƙarin gashi, shi ke nan na rabu da duniyar?" Aka yi dariya, lokaci kuma ya ƙure. Tambayarki ba ta dariya ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta miki.

A'a, ba shi ke nan ba. Suturar mutunci tana da kyau, ki kuma bi ƙa'idar ikilisiyarku a kai. Amma ɗankwali ko na naira nawa ne, a kasuwa ake sayensa, kowa ma zai iya ɗaurawa.

Ni hatsi nake aunarwa a Gombe, don haka da mudu zan amsa miki. Akwai mai mudu biyu: babba na saye a hannun manomi, ƙarami wanda aka buge wa gindi na sayarwa. Akwai mai zuba tsohon wake a ƙasan buhu ta rufe da sabo. Akwai mai barbaɗa wa wake maganin ƙwari irin wanda hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa, ta sayar wa mai goyo, alhali ita ba za ta dafa shi a gidanta ba. Wasu daga cikinsu ranar Lahadi suna sahun gaba, sanye da ankon Zumuntar Mata, muryarsu ta fi ta kowa.

Ki buɗe Amos sura 8. Mutanen da annabin ya tsawata wa ba su karya Asabar ba. Sun rufe rumfa, sun je sujada, amma zuciyarsu na ƙagara rana ta wuce su koma su rage mudu, su ƙara kuɗi, su sayar da ƙaiƙayi a matsayin alkama. Da za ki gan su a hanya, za ki rantse tsarkaka ne. Abin da Bulus ya nema a Romawa 12:2 kuwa sabunta hankali ne, wato yadda mutum ke lissafin riba da asara ya canja tun daga tushe.

Kada kuma wani ya ce miki "duniya" tana nufin maƙwabcinki Musulmi. Alhajin da ke kusa da rumfata mudunsa a cike yake har yana zuba, don shi ma Alƙur'ani ya yi masa kashedi a kan tauye ma'auni. Duniyar da ake magana ita ce "kowa ma haka yake yi", kuma tana shiga coci ba tare da sallama ba.

Kakanninmu da suka karɓi bishara a ƙasar Tangale, bayan 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun iso Kaltungo a 1917, ba tufafi kaɗai ne ya bambanta su ba. Sun ƙi yanka wa tsafi, suka sha gori da wariya daga danginsu na jini. Naku ƙarnin kuwa, gwajin ya koma wurin sayen takardar ɗaukar aiki, da satar amsa a WAEC, da atamfa da taliyar da ake rabawa daren zaɓe, da bashin da amarya ke ci don bikinta ya fi na ƙawarta armashi.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai asara a ciki. Mai cika mudu ribarta kaɗan ce. Wadda ta ƙi ba da na goro tana iya shekara da shekaru da digirinta a akwati, 'yan'uwa na ce mata ta cika taurin kai. A nan ne nake da magana da dattawa da fastoci: in yarinya ta rasa aiki saboda ta ƙi ba da cin hanci, wa zai tallafa mata da jari? Baikon da ake tarawa don ƙara wa coci tayil da fanka, a ware wani abu daga ciki saboda irinta. Zan kawo wannan batu a taronmu na mata na gaba, ina so ki zo ki maimaita tambayarki a gabansu.

Ki gaida mutanen gida.

Mamanki cikin Ubangiji,
daga Gombe